Alwalar Baba a Bakin Teku

Lahadi da dare, Peckham

Ban taɓa gaya wa kowa ba: sati biyu ke nan wasiƙar malamarmu tana ɓoye cikin littafin soyayyar da nake karantawa. So take Baba ya sa hannu in bi 'yan ajinmu yawon kwana uku, gobe kuma za a rufe karɓa. Ni ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Yau muka dawo daga Cornwall a sabuwar Fijonsa. Titin yana bin gefen teku, shuɗi iyakar ganina, na jingina da taga ina ta mafarkina. Da azahar Baba ya yi parking, ya naɗe wando, wai a teku zai yi alwala. Yana kurkure baki ya furzar.

"Hajiya, wannan gishiri haka!"

Mama har da hawaye don dariya. "Kai da kake likita, ba ka sani ba?"

"A littafi na sani!"

Sai ya ja hannuna muka shiga ruwan har gwiwa, yana ihun sanyi kamar yaro. Ashe haka Babana yake.

Da safe, kafin ya shanye shayinsa, zan miƙa masa wasiƙar.