Hannun Iya Mai Safa

Zuwa ga 'yata Malama,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya maigidan naki, ya yara? Tarin ƙaramar ya sake ta? Ni dai da sauƙi, gwiwar nan ce kawai, ita kuma mun saba da juna. Maƙwabciyata tela ce ke rubuta min wannan, kin san ni ko sunana aka rubuta sai in ɗauka sawun kaza ne. Ta ce in riƙa magana a hankali, wai bakina ya fi kekenta gudu.

Na ji saƙonki, cewa littafin da kike yi a kan ƙuruciyar Iya Mai Safa ya kusa tafiya wurin masu bugawa. Duk wanda ya shiga aji ya san ta a littafin karatu, tsohuwar nan mai safa a hannun hagu, wadda ke sa safar ta yi magana yara suna faɗuwa don dariya. Kaɗan ne suka san uwarki ce, Yayata, da malamin nan mai haya a ɗakin bakin ƙofa ya zauna yana kallonta har ya rubuta ta. Shi bai taɓa tambayar abin da ke cikin safar ba. Ke ce kika tambaya, bara, da kika zauna a bakin gadona da 'yar na'urarki ta ɗaukar murya. Ni kuma na ba ki labarin gobara, na ce ta kutsa cikin wuta ta ɗauko jinjirin maƙwabta. Kika yi kuka, kika ce wannan ne zai zama zuciyar littafin.

'Yata, ki dakatar da masu bugawa. Ba a yi wata gobara ba. Ni na ƙirƙira ta, ina kallon idonki. Yau ba zan iya ci gaba ba, tela ma tana da ɗinkin mutane. Ki ba ni kwana biyu.

Ki gaida kowa da kowa.
Innarki, Auta.

*

Zuwa ga 'yata Malama,

Ina gaishe ki, ina gaida gidan. Ban jira amsarki ba, don in na jira zuciyata za ta sake.

Ina da shekara goma sha huɗu Yaya ta samo min aiki a ɗakin wanki na wani babban masauki, inda take. Ɗaki ne a ƙasan bene, taga ɗaya can sama, ƙafafun mutane kawai muke gani suna wucewa. Tururi ko'ina, bango na zufa kamar mu. Akwai injin matse zannuwan gado, gungume biyu na ƙarfe da mariƙi a gefe. Mutum biyu ke aikinsa, ɗaya na tura zane tsakanin ƙarafan, ɗaya na juya mariƙin. Doka ɗaya ce tak, ita aka fara koya min tun kafin a nuna min wurin ajiye takalmi: in mai turawa ta ce tsaya, ki saki mariƙin, ko me kike ciki.

Yaya ke turawa, ni ke juyawa. Tana waƙa ina amsawa, har matan ke ce mana rediyo.

Ranar da abin ya faru, da safe na ɓoye wani ɗan guntun sabulu mai ƙamshi a ƙugu, irin wanda baƙi ke bari. Yaya ta gani. Ba ta ja ni gefe ba, a gaban matan nan duka ta sa na kwance zane na fito da shi, ta ce ba ta kawo ɓarauniya wurin aikinta ba. Suka yi ta dariya, wata ta ce ai dama ƙamshin ne ya tona ni. Na koma kan mariƙi kunnena na zafi. Ranar ba wanda ya yi waƙa.

Wajen hantsi zane ya naɗe, ta sa hannu ta gyara, ta ce tsaya. Na ji ta sarai. Sai na ce a raina bari in ƙara kaɗan, ta tsorata, ita ma ta ji yadda ake ji. Rabin juyi na ƙara. Yatsunta uku suka tafi, da rabin tafin hannu.

Da shugabar ɗakin ta zo da makullanta tana tambaya, Yaya na zaune a ƙasa an naɗe mata hannu da rigar matashin kai. Ta ce ita ce ta yi sakaci, ba ta ce tsaya ba. Ko inda nake ba ta duba ba. Aka sallame ta, ni aka bar ni, don gidanmu bakin mutum bakwai ne kuma babanmu na kwance. Na ƙara shekara tara a kan mariƙin nan.

Safar kuwa, saboda ke ta fara. Kina jinjira in kin ga hannun sai ki ƙwala ihu ki ƙi nono. Sai ta zura safar babanki, ta ɗinka mata maɓalli biyu a matsayin ido.

Shekara hamsin da ɗoriya muna tare, ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Ni na wanke ta da ta rasu, ni na cire safar. Tun ranar ke ce kike ce min Inna, ke kike kai ni asibiti. Shi ya sa na yi miki ƙarya, tsoro nake kada ki daina.

Tela ta ajiye biro tana kallona. Na ce ta rufe takardar haka nan.

Innarki, in har yanzu kin yarda,
Auta.

*

Zuwa ga 'yata Malama,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Sati biyar ba labarinki, duk wanda ya taɓa ƙofa sai in ɗauka ke ce. Jiya sai ga ambulan, ba wasiƙa a ciki, sai shafi goma sha biyu na littafin. Tela ta karanta min sau biyu, na biyun da ƙyar.

Kin cire gobarar, na gode. Ɗakin ya fito kamar kin taɓa shiga, har tagar da ƙafafun mutane. Mariƙin dai a dama yake, ba hagu ba, ki gyara. Kuma Yaya ba ta da sanyin murya yadda kika yi ta, in ta yi faɗa har bene na sama ana ji.

Amma akwai wurin da na sa tela ta tsaya. Kin rubuta cewa tukunyar tururi ta yi ƙara a daidai lokacin, yarinyar da ke juyawa ba ta ji an ce tsaya ba. Na gane abin da kika yi, 'yata. Kin buɗe min ƙofa ne don ki iya ci gaba da zama a bakin gadona. Uwarki ma haka ta yi min a gaban shugabar ɗaki, na karɓa, na shige, na bar ta da hannu ɗaya. Ba zan karɓa sau biyu ba.

In kika bar shi haka, mutane za su ce tsautsayi ne, Iya Mai Safa ta yi haƙuri da ƙaddara. Ba abin da ta yi ke nan ba. Ta san na ji, idonmu ya haɗu kafin in juya. Da wannan sanin ta aurar da ni, ta yi min jego sau shida, ta riƙa sa safar tana tsokanar 'ya'yana. Wannan ce uwarki, kuma ta fi wadda ta shiga gobara. Kada ki rage mata don ki rufa min asiri.

Tukunyar ba ta yi ƙara ba. Ki rubuta cewa na ji.

In bayan haka ƙafarki ta yi nauyin zuwa, ba zan ga laifinki ba, kuma ba zan aiko a roƙe ki ba. Ki dai shafa min kan yaran.

Allah ya yi miki albarka.
Ƙanwar uwarki,
Auta.