Zakkar Gonar Tsibiri

Daga Muzammil, Ajingi.

Assalamu alaikum, Baffa. Ya jikin? Mun gama yankan dawa a gonar Tsibiri, amma an samu cikas. Maƙwabta sun hana amalankenmu bi ta gonakinsu da damman zakka. Limaminsu ya ce a nan aka noma, a nan za a raba. Na ce gonar tamu ce, mu mutanen Balan, sai ya ce, "Kai yaro, tsibiri ba ruwa? Wa ya sa mata sunan?" Ko ka san asalin sunan? A gaida gida.

*

Daga Malam Abdulmumin, Balan.

Da sunan Allah. Aminci ya tabbata gare ka, ɗana. Bayan haka, ka isar wa liman cewa kakanka ne ya raɗa sunan, kuma da ilimi ya raɗa. Larabawa suna kiran tsibiri jazira, asalin kalmar kuwa yankewa ne, wato ƙasar da aka yanke daga 'yan'uwanta. Gonakin Ajingi ne ruwan da ya kewaye tamu. Abin takaici, wannan bayani bai taimake mu ba. Na duba littattafan malamanmu, zakkar hatsi tana bin wurin da ya tsiro, ba garin mai gona ba, sai fa in na nesa sun fi buƙata. Ka binciko min halin talakawansu. Ka san goggonka Hansai da marayunta da wannan dawa suke kai damina, tawa gonar kuwa bana ba ta kai nisabin zakka ba. Wassalam.

*

Baffa, barka da war haka. Na zaga. Wallahi nasu ma abin tausayi ne, akwai gidan da ko rumbu babu. Liman ya ce a gaishe ka, wai bayaninka ya yi daɗi, amma dami ɗaya ba zai fita ba. Ka huta lafiya.

*

Ɗana, aminci gare ka. To, a raba a can. Ba da son raina ba. Na aika wa Hansai buhu daga abincin gidana, ta dawo min da shi har zaure. Cewa ta yi, "Yaya, zakka haƙƙina ce, ba na sunkuyar da kai in na karɓa. Wannan kuwa, kullum na gan ka sai na yi godiya." Na karanta mata hukunci, ta ce ba da littafi take magana ba. Na gaji, Muzammil. Allah Ya ba mu mafita.

*

Ɗana, a gaggauce. Hansai ta hau motar Ajingi da buhunanta biyu babu komai ciki. Ta ce tunda dawa ba za ta zo ba, ita za ta je ta tsaya cikin matan can ranar rabo. Na nemi inda aka hana hakan a littattafai, ban samu ba. Ka tare ta a tasha, kada ta yi ta tambayar hanya.