Ranar Da Ka Kira Maryamu

Zuwa ga Buba, mijina,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma, sai ka ce idonka na ciwo, in karanta maka.

Labarin gida shi ne Maryamu za ta yi aure bayan girbi. Yaron ɗan Beji ne, manomin doya, mai kunya kamarka. Amma akwai abin da ya tayar mini da hankali. Ta ce kada a sa sunanka a katin biki. Wai tunda ta tashi ba ta taɓa jin ka kira sunanta ba, kullum sai yarinyar nan. A ganinta ka ɗauke ta abin kunya ne, don uwarta Kirista ce daga Kudancin Kaduna.

Ka ga abin da fulakonka ya jawo mana? Na yi mata bayani cewa Bafulatani ba ya faɗin sunan ɗan fari, ta ce wannan uzuri ne kawai. Ban ga laifinta ba. Ta girma tana jin maƙwabta suna ce da kai mijin arniya, a coci kuma ana ce da ni matar makiyayi, ana matsawa in na zauna. Ba ta san yadda muka zo Minna ba: ni an ƙone ƙauyenmu, kai an kwashe shanunku, an kashe ƙanenka. Kowa ya ce mutanenka ne suka cuce ni, mutanena suka cuce ka. Mu dai a Kasuwar Kure muka haɗu, kana dakon buhu, ina sayar da kunu, kana sha kana ƙorafin tsami amma kullum sai ka dawo.

Buba, na karya alkawari, kuma ban yi nadama ba. Na ba ta labarin ranar da tayar tirela ta fashe a bakin kasuwa, tana 'yar shekara uku. Mutane suka ɗauka harbi ne, kowa ya ruga waje. Ni ma na tsinci kaina a waje, babu Maryamu. Kai kuwa, da ƙarar babur ma takan sa ka rawar jiki, ka kutsa cikin kasuwar kana ƙwala sunanta a gaban kowa, har muryarka ta dushe. Ka same ta tana barci a ƙarƙashin teburin mai gero. Ka rungume ta kana kuka, sannan ka roƙe ni kada ta ji, wai abin kunya ne. Wace kunya, don Allah?

Washegari da safe Maryamu ta je wurin mai buga kati, ta ce a sa sunanka da manyan baƙaƙe. Da ta dawo sai ta zauna kusa da ni, ta roƙe ni in kira ta yadda ka kira ta a ranar, ko sau ɗaya ta ji. Na gwada, na sake gwadawa, muna dariya muna hawaye. Ban iya ba, Buba. Kai kaɗai ka iya, ka kuma tafi da abinka.

Ina kewarka ƙwarai. Allah Ya ji ƙanka, Ya sa ka huta.

Taka har kullum,
Saratu