Kwando Mai Lamba 1174

Herne, 17 ga Nuwamba

Zuwa ga Kawuna Egon,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan ƙirjin ya yi sauƙi a wannan sanyi, na ɗauki alƙalami ne don in faɗa maka laifin da na yi, tun kafin ka ji shi a bakin wani.

Ka san an mai da tsohuwar mahaƙar kwal ɗinku gidan nunin zane-zane, kuma ni aka ba fassarar allunan bayani zuwa Turanci da Faransanci saboda baƙi. Ɗakin injin da ke saukar da mutane rami, da hasumiya, da wurin wanke kwal, duk na shiga na duba kafin in rubuta. Gini ɗaya na ƙi shiga, wanda kuke kira Kaue. Na buɗe ƙamus, na rubuta "ɗakin ajiye riguna", irin na gidan wasan kwaikwayo. Da shugabar gidan, Uwargida Terhorst, ta tambaye ni ko na ga wurin da idona, na ce na gani. Ƙarya na yi, Kawu.

Ga abin da ƙaryar ta haifar. Mai tsara nunin Bafaranshe ne, fassarata kaɗai ya karanta. Ya ce tunda haka ne, baƙi su riƙa rataye rigunansu na sanyi a kwandunan kayan mahaƙa na cikin Kaue, waɗanda ake ja da sarƙa zuwa rufi. Ranar 4 ga Disamba za a buɗe, ranar Waliyiya Barbara ta mahaƙa. Cikin kwandunan akwai na Baba, mai lamba 1174. Shekarata goma sha ɗaya, ranar da ya rasu a rami, aka sauko da shi, aka kawo wa Mama wandon Baba da takalmansa, kuma har yau ban taka ƙofar ginin ba.

Ina tambayar kaina ko baƙin ciki ne ya hana ni, ko girman kan wadda ba ta son a ga hawayenta. Na yi alkawari gaban Allah ba zan karɓi Jibin Ubangiji a coci ba sai na faɗa wa shugabar gaskiya, na shiga, na sauko da kwandon da hannuna. Ina roƙonka ka gaya mini yadda zan hana su taɓa sarƙoƙin.

'Yarka mai neman gafara,
Mechthild

Bottrop, 23 ga Nuwamba

Metti, uwar ƙamus,

Gaisuwa. Ƙirji na nan yana busa sarewa, tattabaruna lafiya ƙalau, sun fi ni ci.

Kar ki ji haushi, na karanta wa abokan aikina na rami, Jupp da Dursun, wasiƙarki a teburinmu na Alhamis. Jupp ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shekara talatin yana shiga ɗakin ajiye riguna, ba wanda ya taɓa karɓar rigarsa ya ce masa ranka ya daɗe.

Mata ba sa shiga, shi ya sa ba ki sani ba. Zaure biyu ne, fari da baƙi. Ka tuɓe kayan gida a farin, ka ja su sama, ka sa wa sarƙarka kwado, ka taka tsirara zuwa baƙin ka sa kayan aiki. In mun fito kuwa, ba mai iya kai hannu bayansa, sai kowa ya cuɗa na gabansa, Bajamushe ne ko Baturke, tsoho ko sabon shiga. Shekara goma sha huɗu ina cuɗa bayan ubanki, kullum yana cewa hannuna ya fi burushin waya kaushi.

Ga abin da ƙamus ɗinki bai sani ba. Ba mai fita sai ya ɗaga kai. In an tashi, aka ga kayan gida a sama, to akwai wanda bai fito daga rami ba. Ranar nan ni na ɗaga kai. Ni na fasa kwadon. Daga baya na mai da kwandon sama, na sa nawa kwadon. Ga makullin cikin ambulan.

Batun hanawa kuma, ba ma so. Dursun ya ce tsatsa ke cin sarƙoƙin, gara su ji hannun mutum. A bar baƙi su rataye, amma a koya musu ɗaga kai.

Wannan horon ba Fadan coci ya ɗora miki ba, ke kika ɗora wa kanki, halin uwarki sak. Ki gama da wuri, ki zo mu sha miyar wake.

Kawunki,
Egon

Herne, 5 ga Disamba

Zuwa ga Kawuna Egon,

Ina gaishe ka, ina gaida Jupp da Dursun, waɗanda suka fi ni sanin aikina.

Na faɗa wa Uwargida Terhorst gaskiya. Ta ce, "Je ki gani, ki dawo ki gyara." Allon yanzu ya bar kalmar Kaue yadda take, a ƙarƙashinta na rubuta labarin zaurukan biyu, da cuɗar baya, da ɗaga kai. Bafaranshen ya yarda 1174 ya zauna a sama. Jiya da aka tashi, na ga wata baƙuwa ta sa rigarta, ta tsaya a ƙofa tana duban rufi.

Shekaranjiya na shiga ni kaɗai. Kwanduna dubu biyu, kowanne da lambarsa, ban taɓa ganin tsari mai tausayi irin wannan ba. Makullinka ya buɗe. Kwandon ya sauko ba nauyi. Ba komai ciki sai sabulu guda da ya bushe ya tsattsage. Na san kai ka ajiye masa shi, don haka ban taɓa ba. Na mai da kwandon sama, na kulle.

Na cika alkawarina, Kawu. Jiya da safe na karɓi Jibi.

'Yarka,
Mechthild