Mma, Baba Ya Koma Dambe

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda ɗa ke yi wa uwarsa a durƙushe, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Mu nan Bulpiela lafiya lau. Damina ta sauka, jikokinki sun yi tsawo, Asana matata ba ta manta ki a addu'a.

A shafina na intanet zan sa wasiƙar nan, na san mutane za su leƙa. To su leƙa. Da ke nake magana, kuma labarin Baba na kawo miki.

Bara, bayan babbar Sallah, hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo yana alwala. Allah ya taƙaita. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo, sai hannun dama ya ƙi. Yana rataye a gefensa kamar na aro. Kin san mijinki: mutumin da ya tsufa yana sara a layin mahauta, wanda a samartakarsa in ya naɗe hannun nan a filin dambe ake ja da baya. Ba ciwon ne ya karya shi ba, gaisuwa ce. Ya ce shi ba zai miƙa wa mutum hagu ba, ba kuma zai tsaya a ɗago masa hannu ana "sannu, sannu" kamar jinjiri ba. Daga nan ya daina zuwa masallaci, ya daina zama a dakalin ƙofar gida. Afa Yakubu, amininsa, ya yi ta zarya daga Kasalgu a kan keke, kullum amsa ɗaya ake ba shi: Alhaji na barci.

A asibiti sun ce a riƙa ɗaga hannun kullum, in ba haka ba zai sandare ke nan har abada. Suka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya jefa wa mage.

Bari in gaya miki abin da ɗanki ya zama, don ba ki ga wannan ba. Kin bar ni ina sayar da katin waya a ƙarƙashin lema. Ni da na tsaya a sakandare, ita ma da jan ciki, yau ni ke riƙe da shafukan sada zumunta na 'yan kasuwa da dama: masu man kaɗe, masu ɗinkin rigar batakari, har da mai masauki a Kaladan. Duk daga kwamfuta ɗaya, a tsohon ɗakin ajiyar hatsinki da na mayar ofis. Akwai manhajar da ke jera mini shafukan nan gefe da gefe kamar rumfunan kasuwa. In zauna in tsara tallan mako guda, in sa wa kowanne lokacinsa, ya fita da kansa ko ina wurin suna. Ba wanda ya koya mini. Baba kuwa sunan da ya sa wa aikin shi ne "zaman banza mai fanka".

A ofishin nan na ajiye wani akwatin wasa na gwanjo da ake jonawa da talabijin. Ba a riƙe komai a hannu. Ido gare shi, kyamara. Ka tsaya a gabansa, in ka kai naushi, mutuminka na cikin talabijin ya kai naushi. Ba don Baba na saya ba, kar in yi miki ƙarya. Tumbi ne ya fara fito mini.

Wata rana bayan la'asar ina ta fama, sai na ji muryarsa a bakin ƙofa. "Wannan dambe ne, ko korar ƙuda a teburin nama?" Ya ce ɗan dambe ba ya ɓarnar hannu, hagu garkuwa ce, dama ita ce mashi. Na ce to Baba, ga fili ga mai doki. Na zaci tsaki zai ja ya wuce. Sai ya shigo.

Mma, akwatin bai gan shi ba. Yana sanye da babban batakarinsa mai faɗin nan, idon akwatin kuwa kafaɗa da gwiwar hannu yake nema, riga ta binne su duka. Mutumin talabijin ya tsaya ƙiƙam. Baba ya matsa gaba, ya koma baya. "Ni ne ba a gani ba?" Na ce sai dai in ya cire rigar. Ke kin sani, tun da ya ajiye wuƙa ya zama dattijon unguwa ba wanda ya ƙara ganin kafaɗarsa. Dattijo ba ya tuɓe riga gaban ɗansa, balle surukarsa na wucewa da tire. Ya dube ni sama da ƙasa, ya fita.

Na so in bi shi da lallashi, sai na tuna maganarki: "Ubanku ba a jan shi da igiya, ƙofa ake bar masa a buɗe." Na bar ta a buɗe.

Washegari ya dawo da sharuɗɗa. A sauke labule. Asana ta kwashe yara zuwa maƙwabta. Ni kuma in fuskanci kwamfutata, kar in kuskura in waiwaya, kuma waya ta zauna a aljihu.

Haka muka yi ta yi. Ina tsara tallan man kaɗe, a bayana ina jin numfashinsa. Gilashin kwamfuta kan nuno shi dishi-dishi, daga shi sai singileti, hannun ya rame kamar ba shi ne ya riƙa ɗaga cinyar bijimi ba. Da farko da hagu yake tura damar sama. Abokin karawarsa na talabijin, da ya raɗa wa suna Mai Jan Wando, ya yi ta kayar da shi. Baba ya ce masa, "Ɗan banza, gobe za ka gane." Goben kuwa ya dawo. Afa Yakubu ya taɓa jiyo hayaniyar ta taga, ya tambayi Asana ko barcin Alhaji da zage-zage yake zuwa.

A hankali hannun ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Yatsun har yau ba sa dunƙulewa sosai, likita ma ya ce wataƙila ba za su yi ba. Amma ranar da Mai Jan Wando ya sha ƙasa na manta sharaɗi na juyo. "Wa ya ce ka waiwaya?" Yana faɗa yana dariya, gumi har gemu. Rabon da in ji dariyar nan tun kina nan.

Juma'ar da ta wuce ya sa batakarinsa, ya ce in fito da babur. Bai yarda da masallacin unguwa ba, wani ya zaɓa a Kaladan inda ba a san shi ba. Da aka sallame, mutumin da ke damarsa, wani baƙo, ya miƙo hannu. Hannun Baba ya taso a hankali, ya isa. Mutumin ya kama, ya saki, ya shafa ƙirji, ya tashi neman takalmansa.

A kan babur, da muka kusa gida, Baba ya sunkuyo daidai kunnena.

"Sulemana, bai ma lura ba."

Tun ranar ya koma dakali, duk mai wucewa sai ya sha hannu, ko yana sauri.

Na tambaye shi ko in rubuto miki. Ya ce, "Uwarka ce, gaya mata. Amma ka ce da bugu ɗaya na kayar da shi." To na gaya miki, Mma. Ke kin san shi, kya rage abin ragewa.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi. Ya saka miki da haƙurin da kika yi da mu biyun nan masu taurin kai. Ya bar mana Baba da sauran ƙarfinsa, ya kuma haɗa mu da ke a Aljanna Firdausi. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Sulemana