Saukar da Hajiya Ta Sa Aka Yi

Yaya Bara'u,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Hajiya, ya ɗana Muhsin? Ni lafiya lau a Levenshulme ta Ingila, sai sanyi.

Na ji Hajiya ta sa an yi saukar Alƙur'ani don aikina ya karɓu. Yaya, game ɗin da nake haɗawa, wato wasan kwamfuta, na manya ne. Duk matakin da mutum ya warware, sai surar matar da ke ciki ta rikiɗe, suturarta ta ragu. Ni nake gwada shi kullum kafin ya hau intanet.

Kada Muhsin ya ji sunan game ɗin. Kuma ka lallaɓa Hajiya ta bar saukar nan. Tun ranar da aka yi ta masu buga game ɗin suka ninka, ni kuwa na kasa haɗa ido da sallayata.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Ubaidullah