Goge Sunan Sajan Bakari Umara

Daga: Kofur Sunusi Abdulmuhaimin (mai ritaya),
Unguwar Gagulmari, Haɗeja.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Darakta,
Ofishin Sauraron Koke-koken Tsofaffin Sojoji,
Dutse.

Litinin, 27 ga Janairu, 2025.

GAME DA: Naɗin Alhaji Safiyanu Haris a Kwamitin Walwalar Tsofaffin Sojoji na Shiyyar Kogin Haɗeja, da wulaƙancin da ya yi wa Sajan Bakari Umara.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabin da ya dace da kujerarka, ina rubuta wannan takarda ne a madadin magabacina a aiki, Sajan Bakari Umara, wanda ba ya iya riƙe alƙalami, da kuma 'yan'uwanmu tsofaffin sojoji arba'in da ɗaya na wannan shiyya.

1. Sajan Bakari ya yi wa ƙasar nan aikin soja shekara ashirin da huɗu. A watan Maris na 2015, a yankin Tafkin Cadi, nakiyar da aka binne a hanya ta tashi da motarmu. Shi ya koma cikin wuta ya jawo mutum uku, ni ne na ukunsu. A nan ya bar yatsu huɗu na hannun dama, na hagu kuma suka ƙone har zanensu ya shafe. Ya dawo gida bai roƙi kowa ba. Fartanya yake ɗaurewa a wuyan hannu da igiyar roba, ya noma shinkafarsa a fadama. A ambaliyar 2022 shi ya tara mu muka tare jingar bayan gari da buhunan yashi, kwana tara, ruwa iya ƙirji.

2. Ranar Asabar, 4 ga Mayu, 2024, muka zaɓe shi shugaban kwamitinmu kamar yadda muka saba, ta ɗaga hannu. Mutum talatin da takwas suka goyi bayansa. Ranar 20 ga watan sai ga takarda cewa tsari ya canza, daga yanzu naɗawa ake yi daga sama, kuma an naɗa mana Alhaji Safiyanu Haris, mai injin casar shinkafa a hanyar Kaugama. Ba a tambaye mu ba, ba a ma sanar da mu za a canza ba.

3. Ranka ya daɗe, muna da masaniya kan aikin sojan wannan bawan Allah. Wata huɗu ya yi a makarantar horar da kurata ya gudo gida, ya ce rana ta yi masa yawa. Akwai mutum biyu a cikinmu da suka shiga tare da shi, suna raye, a shirye suke su rantse da Alƙur'ani. Bai taɓa kwana a rami ba. Bai taɓa ɗaukar gawar abokin aiki ba. A inda muka fito, wanda zai ba ka umarni shi ke shiga gaba. Duk da haka Sajan Bakari ya hana mu magana, ya ce soja ba ya jayayya da takarda, mu bi.

4. Ranar Litinin, 9 ga Satumba, 2024, aka kira mu tantancewa bisa sabon tsarin dangwala yatsa a na'ura. Sajan Bakari ya zo tun da hantsi da takardar sallamarsa da katin shaidarsa. Sau bakwai aka gwada hannunsa, na'ura ta ƙi. Ma'aikacin da ya zo da ita ya yi bayani cewa akwai takardar da shugaba zai sa wa hannu ga masu irin wannan lalura, har ya miƙa masa ita. Alhaji Safiyanu ya ture ta gefe. A gaban jama'a ya ce tunda na'ura ba ta san shi ba, shi ma bai san shi ba, kuma wai ai ko a injin markaɗe mutum yana rasa yatsu. Ya ja jan biro a kan sunan Sajan Bakari a jerin sunayenmu.

Sajan Bakari ya tattara takardunsa da guntun hannunsa, ɗaya ta faɗi ƙasa, ya durƙusa ya ɗauka da kansa. Ni da nake tsaye a wurin, girman doka kawai ya riƙe ni.

5. Sau uku muka je gidan Alhaji Safiyanu da dattawa domin a gyara cikin mutunci. Sau biyu aka ce ba ya nan alhali motarsa tana ƙofar gida. A na uku ya leƙo ya ce wanda ya nemi kujerarsa ba zai samu sa hannunsa ba. To, a nan muka gane laifin Sajan Bakari: mun zaɓe shi.

6. Ranar Talata, 3 ga Disamba, 2024, ɓaraguzan ƙarfen nakiyar nan da suka rage a ƙugunsa suka tashi, ƙafar ta kumbura. Maiɗakinsa Falmata ta kai shi asibiti a Keke Napep, aka ce katinsa na tsohon soja ya daina aiki domin sunansa ba ya cikin jerin. Ta dawo da shi gida tana gasa masa ƙugun da ruwan zafi. Noman ranin bana ya wuce shi, gonar tana can ciyawar kacalla ta cinye ta.

7. Ranar Laraba, 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ya dogara sanda ya zo filin taro domin a yi wa abokansa da suka rasu addu'a da shi. 'Yan ƙofa suka tare shi bisa umarnin shugaba. Daga bayan shinge ya tsaya, yana kallon Alhaji Safiyanu da hular soja a kan babbar riga, shi Alhajin yana sara wa tuta da hannun hagu. Da aka busa ƙaho, Sajan Bakari ya yar da sandar ya ƙame a cikin masu tallar gyaɗa har aka gama. Mu sha tara muka fice daga filin muka tsaya tare da shi.

Ranka ya daɗe, ba mu ƙi sabon tsari ba. Mun ga canji iri-iri a aiki, mun bi. Abin da ba za mu bi ba shi ne a zauna a ofis mai sanyi a ɗora mana wanda ya guje wa rana, sannan a ba shi biron da zai kashe mai rai.

Saboda haka muna roƙo cikin ladabi:

(a) A mayar da sunan Sajan Bakari Umara cikin jerin, a buɗe masa katin asibiti kafin ƙafar ta lalace.
(b) A binciki takardun aikin Alhaji Safiyanu Haris a gabanmu, a dakatar da shi har a kammala.
(c) A dawo mana da 'yancin zaɓen wanda zai shugabance mu.

A ƙarshe, za ka tarar da lambar girma ta tagulla a cikin wannan ambulan, naɗe a ƙyalle. Ta Sajan Bakari ce. Na roƙe shi kada ya rabu da ita, Falmata ma ta yi kuka, ya ƙi. Ya ce in shaida maka cewa idan bincikenka ya nuna shi ba soja ba ne, to kayan wani ne a hannunsa, a nemo mai ita a ba shi. Idan kuwa sojan ne, yana gida, a aiko wanda ya goge sunan ya kawo masa da hannunsa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci.

Naka cikin biyayya,

Kofur Sunusi Abdulmuhaimin (mai ritaya)
A madadin Sajan Bakari Umara da tsofaffin sojojin Shiyyar Kogin Haɗeja.